Tafiyar Dare A Kan Keke: Neman Hanyar Da Za Ta Mai Da Mutum Gida

(Jawabin da aka gabatar a zauren makaranta ranar taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)





Da farko ina godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu a wannan zaure, inda muka sha zama muna rawar ɗari a gaban takardun jarrabawa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamanmu da 'yan'uwanmu, Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu, amin.

Lokacin da takardar Sakataren Ƙungiya ta same ni a ofis, na ɗauka za a ce in yi magana ne a kan aikin gwamnati, tun da shi na sani. Da na kira shi, sai ya ce, "Aikin gwamnati kuma? Mun gaji da shi. Zo ka yi mana bayanin haukan nan naka na kwana a kan keke." To, jama'a, ga ni na zo. Zan faɗi yadda na faɗa cikin abin, da kuskuren da na tafka wanda ya kusa jawo mini nadama ta har abada, sa'an nan da abin da na koya game da zaɓen hanya.

Yadda abin ya faro

Duk wanda muka yi aji ɗaya da shi ya san ni ba gwanin wasanni ba ne. Ranar gudun zagayen daji, ni ne kullum ake samu a gindin mangwaro ina jiran na ƙarshe in bi bayansa. Bayan na kama aiki, sai rayuwa ta koma daga kujerar mota zuwa kujerar ofis, daga nan zuwa tabarmar gida. Wata rana likita ya auna jinina ya ce ya hau, ya kuma ce in ban nemi abin da zai riƙa sa ni gumi ba, to in shirya shan ƙwaya har iyakar rayuwata. Na sayi keke ɗan gwanjo, na fara da zagayen unguwa bayan sallar Asuba. Sannu-sannu na kai kilomita 20, na kai 50, har na kai 100, hawan jinin kuma ya sauka da ikon Allah.

Da tafiya ta fara tsawo, sai rana ta zama matsala. Kowa ya san zafin watan Afrilu a Kano da kewayenta yakan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi. Ga ma'aikaci ba shi da lokacin kansa sai Asabar da Lahadi. Wannan ya sa ni da abokan hawana muka fara tunanin dare. Daga bayan sallar Isha'i zuwa ƙarfe shida na safe akwai awa goma. Mutumin da ke cin kilomita 18 a awa zai ci kilomita 180 a cikinsu ba tare da rana ta taɓa shi ba.

Abin yana da asali

Kada ku ɗauka mu muka ƙirƙiro wannan wahala. A ƙasar Faransa, tun shekarar 1891 wani ɗan jarida mai suna Pierre Giffard ya shirya tseren keke daga birnin Faris zuwa garin Brest a bakin teku da dawowa, watau kimanin kilomita 1,200. Charles Terront ne ya zo na ɗaya, cikin awa 71 da 'yan mintoci, a kan hanyoyin da yawancinsu ba kwalta. Wannan tafiya ba ta mutu ba. Wata ƙungiyar mahaya keke mai suna Audax Club Parisien ce ke shirya ta duk bayan shekara huɗu, an kuma yi ta a watan Agustan 2023. Dubban mutane ke zuwa daga ƙasashen duniya, yawancinsu ma'aikata ne irinmu, da 'yan kasuwa, da tsofaffi masu cin fansho. Abin da ake bukata shi ne mutum ya gama cikin awa 90, har da barcinsa da cin abincinsa.

Kafin a yarda mutum ya shiga, sai ya yi tafiye-tafiyen gwaji huɗu a wannan shekarar: kilomita 200 cikin awa 13 da rabi, 300 cikin awa 20, 400 cikin awa 27, da 600 cikin awa 40. Kun ga ke nan daga ta 400 zuwa sama babu makawa sai dare ya riski mutum a hanya. Abin da ya fi ba ni sha'awa a tsarinsu shi ne yadda suke bi da hanyar. Masu shiri sukan kauce wa manyan titunan mota, su bi da mutane ta ƙananan hanyoyin ƙauyuka. Sukan kuma raba tafiyar zango-zango, a kowane zango a buga wa mahayi hatimi a katinsa, ya sami abinci da wurin kishingiɗa. Wanda ba shi da fitilar gaba da ta baya da riga mai ƙyalli ba a barinsa ya tashi.

Duk da haka, abin ba ya rasa haɗari. Mike Hall, Baturen Ingila, yana daga cikin gwanayen doguwar tafiya a kan keke a zamaninsa, shi ne ma ya kafa tseren ratsa nahiyar Turai a 2013, wanda a cikinsa kowane mahayi shi ke zaɓar hanyarsa da kansa. Ranar 31 ga Maris, 2017, yana cikin tseren ratsa ƙasar Ostareliya, mota ta buge shi kafin gari ya waye a kusa da birnin Kanbera, nan take ya mutu. Idan gwani irinsa bai tsira ba, to, ina ga ni da na fara hawa don tsoron hawan jini? Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu babur da masu keke.

Daren da na yi kuskure

A hunturun shekarar 2022 muka shirya tafiyarmu ta dare ta farko mai nisa, mu uku, daga Kano mu shiga Jihar Jigawa mu zagayo. Ni aka ɗora wa fitar da hanya, domin ni ne mai digiri kuma mai son taswira. Na zauna a ofis bayan an tashi, na buɗe Google Maps, na ja layi mai kyau, na lissafa nisa da lokaci, har na buga a takarda na raba musu. Ban taka hanyar ba, ban kuma tambayi kowa ba. Na manta cewa daminar wannan shekara an yi ambaliyar da ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa, ta kuma yanke hanyoyi da dama.

Wajen ƙarfe biyu da rabi na dare muna gangarowa a wata ƙaramar hanya, iskar hunturu na tura mu ta baya, abokina yana gaba. Ashe ruwa ya tafi da kwalbatin da ke wurin, motoci sun yi wa kansu hanyar ratse ta cikin gona, mutanen gari sun jera 'yan rassan itace a kan kwalta don alama. Duk wanda ke bin hanyar kullum ya san da haka. Mu kuwa fitilunmu na tocila ne da muka ɗaure da roba. Kafin ya ga rassan ya riga ya isa bakin ramin. Na ji ƙarar ƙarfe, sai fitilarsa ta ɓace.

Allah Ya taƙaita abin a kan karayar ƙashin wuyan kafaɗa da tsagewar haɓa. Hular kwanon da ke kansa ta dare biyu. Muna ƙoƙarin fito da shi sai ga 'yan sintirin ƙauyen da sanduna da bindigogin toka, sun ji motsi sun ɗauka ɓarayin shanu ne. Ba su taɓa jin labarin mutum mai hankali ya bar gadonsa ya hau keke da tsakar dare don motsa jiki ba, ni ma da na ji bayanin yana fita daga bakina sai na ji bai yi kama da gaskiya ba. Sai da na nuna katin shaidar aiki, suka kuma ga jini, sa'an nan suka sassauta. Su ne suka taso mai a-kori-kura ya kai mu asibiti, Allah Ya saka musu da alheri.

Wannan abokin nawa ɗan ajinmu ne, yana zaune a zauren nan, ba zan faɗi sunansa ba. Wata biyu ya yi bai je wurin sana'arsa ba, ga shi da iyali. Ranar da na je duba shi a gida, mahaifiyarsa ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ɗana, da ka ja su, ka san hanyar?" Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Hajiya." Ta ce, "To, Allah Ya kiyaye gaba." Duk abin da zan faɗa muku yanzu ya samo asali ne daga wannan tambaya tata.

Gani ya kori ji

Ƙa'idata ta farko tun daga ranar ita ce ba na bin hanya da dare sai na bi ta da rana, kuma cikin mako biyu kafin tafiyar. Nakan shiga motar haya in zauna gidan gaba da littafi a hannu, ina rubuta inda akwai ramuka, da gada maras shinge, da tudun rage gudu da mutanen gari suka yi da kansu, da inda yashi ya rufe kwalta, da inda masu aikin hanya suka karkatar da motoci. Ina kuma duba waya in ga inda sabis yake ɗaukewa. Malaminmu na Labarin Ƙasa, wanda nake hangowa a sahun gaba, ya sha gaya mana cewa abin da za a fara dubawa a taswira shi ne shekarar da aka zana ta. Malam, ka yi haƙuri, sai da na ga jini sa'an nan na gane karatun. Hoton tauraron ɗan Adam da ke cikin waya yana iya yin shekaru, manhajar kuma an gina ta ne don ta nemo wa mai mota hanya mafi sauri. Ba ta san damina ba, ba ta san ranar kasuwa ba.

Babbar hanya ko ƙarama

A nan ne ake shan wuyar yanke shawara. Babbar hanya, irin ta Kano zuwa Zariya ko ta Kano zuwa Wudil da ta wuce Maiduguri, tana da jama'a da haske da masu shayi, amma ita ce hanyar tireloli da tankokin mai, da yawansu kuma sun fi son tafiyar dare saboda sanyin taya da inji. Ƙaramar hanya ba ta da wannan, amma idan wani abu ya same ka babu mai wucewa, ga kuma shiru irin wanda miyagu ke so. Hausawa sun ce dare rigar mugu.

Bari in yi muku ɗan lissafi, da izinin malaman Kimiyya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ya gani har ya kai ƙafarsa kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, watau mita 40 da 'yan kai. Kafin motar ta tsaya cak kuma sai ta ƙara kamar mita 50 ko fiye. Ƙaramar fitilar mota kuwa ba ta nuna abin da ya wuce mita 50 zuwa 60. Ma'ana, direban da bai hango ka ba sai da fitilarsa ta haska jikinka, ya riga ya makara. Tirela mai kaya ta fi haka nisan tsayawa, iskar da take ja kuma tana iya fizgo mai keke zuwa ƙarƙashinta.

Saboda haka abin da nake nema a hanya shi ne kafaɗa mai kwalta a gefenta, wadda zan iya tafiya a kai ba tare da na shiga layin motoci ba, da miƙaƙƙiyar hanya maras yawan kwana da tudu, inda direba zai hango jar fitilata tun daga nesa. Hanyar da ta fi mini ita ce matsakaiciya, wadda ke ratsa garuruwa kusa-kusa, motocin haya na bin ta jefi-jefi har dare, amma ba ita ce hanyar manyan motocin kaya ba. Hanya mai hannu biyu ma kada ta ruɗe ku, domin kun san halinmu: in ana gyaran hannu ɗaya sai kowa ya koma ɗaya hannun, wani ma ba gyaran komai, ya dai ga ya fi masa kusa.

Matambayi ba ya ɓata

Mutum uku nake tambaya kafin kowace tafiya. Na farko direban haya a tasha, wanda yake bin hanyar sau biyu ko uku a rana. Na biyu mai shayin bakin hanya, domin shi ne ke kwana ido biyu, shi ya san ƙarfe nawa motoci ke ɗaukewa, ya kuma san abin da ya faru makon jiya wanda bai shiga rediyo ba. Na uku mai unguwa ko shugaban 'yan sintiri a garuruwan da za mu ratsa bayan sha biyun dare. Nakan je in gaishe su da rana, in gabatar da kaina, in ce ranar kaza da misalin ƙarfe kaza za ku ga fitilu uku ko huɗu, mu ne. Ofishin 'yan sanda na yankin da na jami'an kiyaye haɗura ma nakan leƙa in sanar da su. Wannan gaisuwa ba ta cin ko kwabo, amma ita ce ke sa a ɗaga maka hannu maimakon a ɗaga maka sanda.

Ga kuma ranakun kasuwa. Wudil tana ci ran Juma'a, Maigatari ran Alhamis, Dambatta ran Lahadi. Daren jajiberin kasuwa da daren da ta watse, hanya takan cika da motocin dabbobi da na hatsi, direbobinsu sun gaji, wasu fitila ɗaya gare su, ga amalanken shanu da ba su da ko ƙyalli. Haka nan duk inda ake tashi da kuɗi, nan masu tare hanya suka fi sa ido. Lokacin kaka kuma manoma kan shanya amfanin gona a gefen kwalta su tokare da duwatsu, makiyaya na tsallakawa da garke. Duk waɗannan ba sa cikin taswira, suna bakin mutanen wurin.

Inda ba a zuwa

Dole in faɗi wannan ƙarara. Akwai hanyoyin da babu wata dabara da za ta sa su dace da tafiyar dare a kan keke. Duk hanyar da ta yi suna wajen garkuwa da mutane, kamar yadda ta Birnin Gwari da wasu hanyoyin Zamfara suka yi a shekarun nan, ba na ma lissafa ta. Haka duk hanyar da ta ratsa dogon daji ba gari, irin dajin Falgore a hanyar Kano zuwa Jos. Kuma amincin hanya ba gado ba ne. A ƙarshen shekarar 2025 mun ji hare-haren da aka kai ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a Jihar Kano, wuraren da a da ba a sa su a wannan lissafi. Shi ya sa idan ɗayanku ya tare ni bayan taro ya ce in rubuta masa sunan hanya mai aminci, ba zan rubuta ba. Zan dai gaya masa yadda zai bincika a makon da zai tashi. Idan mutum biyu daga cikin waɗanda na tambaya suka yi ɗan jim kafin su amsa, to, tafiyar ta fasu. Mun taɓa fasa tafiyar da muka yi wata guda muna shiri saboda mai shayi ya ce, "Alhaji, da dai kun bari sai wani lokaci." Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani abin da na gane daga baya shi ne ba dole ne doguwar tafiya ta zama miƙaƙƙiya ba. Idan ka sami zagaye mai kilomita 30 ko 40 wanda ka sani ciki da bai, mutanensa kuma sun san ka, ka zaga shi sau biyar ko shida, ka ci nisan da kake so. Ƙafa ba ta san bambanci ba. Girman kai ne kawai ke son a ce ka je gari kaza ka dawo.

Zango-zango

Malaminmu na Tarihi ya koya mana labarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya, kuma ba a tashi sai an san zangon da za a sauka. Wannan tsari shi ne dai Faransawa suke yi da katinsu da hatiminsu, mu ma shi muke bi. Nakan raba hanya yadda ba za a yi fiye da kilomita 25 zuwa 30 ba tare da gari ba. A kowane zango na san inda masallaci yake, da mai shayi, da gidan mai faci, da asibiti mafi kusa, da wanda zan kira ya kawo mota. Akwai mutum ɗaya a gida da ke riƙe da takardar hanyarmu, muna aika masa saƙo daga kowane zango. Idan awa ɗaya ta wuce lokacin da ya kamata ya ji mu bai ji ba, ya san wanda zai kira. Ba ma tashi ƙasa da mutum uku, domin in ɗaya ya faɗi, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. Malamanmu na Addini ma sun karantar da mu cewa ba a son mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai.

Lokaci ma wani ɓangare ne na hanya. Muna zaɓar dararen sha uku zuwa sha biyar ga watan Musulunci, lokacin da farin wata ke fitowa da faɗuwar rana ya kai har asuba. Muna tsara tafiya yadda za mu fita daga cunkoson birni da wuri, mu kuma bar mafi kyawun ɓangaren hanya ga tsakanin ƙarfe biyu da biyar na dare. A wannan lokaci ne jikin ɗan Adam ya fi nauyi, barci yakan fizge mutum na daƙiƙa biyu ko uku yana kan sirdi bai sani ba, direban da ke bayanka ma haka yake fama. Duk wanda ya fara ganin kututture kamar mutum a tsugune, sai mu tsaya a zango mafi kusa ya yi barcin minti ashirin. Hazo mai kauri ko hadari kuwa, ba ma gardama da su.

Kaya kaɗan

Ba zan tsawaita a kan kaya ba, amma hanya mai kyau ba ta amfanar wanda ba a ganinsa. Fitilar gaba biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ajiya, kuma kada mutum ya yi gudun da ya wuce inda haskensa ya kai. Jar fitila biyu a baya. Riga mai ƙyalli, da ƙyalle mai ƙyalli a idon sawu, domin abin da ke hawa yana sauka shi ke sa direba ya gane mutum ne a kan keke tun daga nesa. Hular kwano dole ce, na ga abin da ta yi. Sai famfo da kayan faci, da batirin cajin waya, da katin shaida, da rigar sanyi, domin daren Disamba da Janairu yakan sa yatsu su kasa kama birki. Ruwa kamar rabin lita a kowace awa, da dabino da ƙuli-ƙuli da ayaba, a riƙa ci kaɗan-kaɗan tun yunwa ba ta zo ba.

Kammalawa

Wani zai ce, duk wannan wahala don me? Dare ai mahutar bawa ne. Gaskiya ne, ni ma ba na ce kowa ya yi ba. Amma wanda ya taɓa fitowa daga duhu ya ji kiran sallar farko daga wani ƙauye da bai san kowa ba, ya jingina kekensa ya bi sahu, aka sallame aka miƙo masa koko ana tambayarsa daga ina, ya san abin da nake nufi.

Ina da roƙo biyu. Na farko ga 'yan'uwana da ke aiki a ma'aikatun ayyuka da na sufuri, da waɗanda Allah Ya kai majalisa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun koma kan keke, kuma ba don wasa ba. Mai gadi da ke komawa gida da asuba, da manomin da ke kai kayan gwari kasuwa tun duhu, da ɗalibin da ke zuwa wannan makaranta daga ƙauye, su ne ainihin masu tafiyar dare a kan keke, kuma su ba su da zaɓin hanya kamar ni. Idan takardar kwangilar hanya ta zo teburinku, ku duba ko an sa kafaɗa mai kwalta, ku kuma tabbatar an kafa alama mai ƙyalli a duk inda kwalbati ya karye. Rassan itace ba alama ba ne. Na biyu ga mu duka masu mota: idan kun hango 'yar jar fitila a gefen hanya, ku rage gudu ku ba ta fili. Wataƙila ɗan ajinku ne.

Shi kuwa abokina da ya faɗa rami, ya warke, ya kuma dawo hawa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, cewa duk inda za mu, ni zan riƙa shiga gaba. Na karɓa, har yau kuma a kai muke.

 Kurakuran da ke cikin maganata a yafe mini. Allah Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya ƙara haɗa kanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.